Martani: Ba a Yanke wa Kano Pillars Hukunci da Teburin Kaka Ɗaya

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa marubuci ya rubuta a kan Kano Pillars, wadda ta fito bayan hukuncin da mahukuntan gasar Firimiyar Najeriya suka yanke wa ƙungiyar a watan Oktoban 2025. A lokacin ne aka zaftare mata maki 3 da ƙwallo 3, aka ci ta tarar naira miliyan 9.5, aka kuma rufe mata filin wasa na Sani Abacha aka tura ta Katsina, saboda tarzomar da magoya baya suka tayar bayan Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallo ana daf da tashi. Malam marubuci ya dubi inda ƙungiyar ta tsinci kanta a can ƙasan tebur, sai ya ɗora hujjarsa kacokan a kan magana ɗaya, cewa tebur ba ya ƙarya. A ganinsa, ƙungiyar da rabonta da lashe gasa tun 2014, ta kuma faɗa rukunin 'yan dagaji a 2022, ba ta cancanci a ci gaba da kiran ta babba ba. Tarihi kuwa a wurinsa hira ce kawai da magoya baya ke rarrashin kansu da ita. Daga nan ya zarce ya ba gwamnatin Kano shawarar ta zare hannunta, ta sayar da ƙungiyar ko ta bar ta ta mutu, a kai kuɗin wani wurin.

Ɓacin ransa na fahimce shi, don ni ma ina ɗauke da irinsa. Abin da aka yi wa alƙalan wasa da baƙin da suka taso daga Ibadan abin kunya ne, kuma duk mai ƙaunar ƙungiyar nan tsakani da Allah ba zai tsaya neman uzuri ba. Inda muka raba hanya shi ne wurin gano cutar. Shi ya ɗauki tarihi a matsayin kirari, shi ya sa ya yi jifa da shi. Ni kuwa ina ganin ba a iya karanta teburin Pillars sai da tarihinta a hannu, domin a can ne za a ga cewa abin da ya ɗaga ta shi ne kuma yake kayar da ita yau.

Mu fara da teburin da ya dogara da shi. Tebur lissafi ne: wasa nawa aka buga, nawa aka ci, nawa aka yi canjaras, nawa aka sha kashi, ƙwallo nawa ka zura, nawa aka zura maka, sai maki a layin ƙarshe. Lissafin yana fita daidai ne idan abin da aka zuba masa daidai ne. To a gasarmu me ake zuba masa? A 2018 an tafi hutun gasar cin kofin duniya, rikicin shugabanci ya ɓarke a hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, aka kasa dawowa fili. Ƙarshe aka rufe kakar a wasa na 24, aka miƙa wa Lobi Stars ta Makurɗi tikitin zuwa gasar Afirka don ita ce a sama, kuma ba ƙungiyar da ta faɗi. A 2020 annobar korona ta tsayar da gasa, aka koma raba makin kowace ƙungiya da yawan wasannin da ta buga, Plateau United ta fito ta ɗaya, Rivers United da Enyimba suka shiga jayayya a kan wadda ta zo ta biyu. Mafi muni shi ne abin da ya faru a Bauchi a Yulin 2013, a gasar ƙananan ƙungiyoyi masu neman hawa mataki na gaba, inda ƙungiyoyi biyu da ke tseren yawan ƙwallaye suka ci wasanninsu 79-0 da 67-0 a rana guda. Da an bar wa tebur hukunci, da mai 79 ta wuce salin-alin. Mutanen da suka san ƙwallo ne suka ce wannan ba mai yiwuwa ba ne, aka haramta wa 'yan wasan taka leda har abada.

Ban kawo waɗannan don in ce an zalunci Pillars ba. Faɗuwar 2022 ita ta jawo wa kanta. Amma ya kamata Malam ya gaya wa masu karatunsa yadda aka yi ta faɗi, tunda a nan darasin yake. A 2020 an mayar da filin Sani Abacha cibiyar killace masu korona, kuma ko da aka dawo wasa filin bai koma yadda za a taka leda a cikinsa ba. Pillars ta kwashe kayanta ta koma Kaduna, ta yi kaka guda cur da wani ɓangare na ta biyu tana karɓar baƙi a garin da ita ma baƙuwa ce. A Afrilun 2022 aka dawo da ita Kano, jama'a suka yi dafifi don murna, abokiyar karawa kuma maƙwabciya ce, Katsina United. Wasa ya yi nisa ba ci, sai 'yan kallo suka afka cikin fili, aka farfasa motar baƙi. Aka cire mata maki 3, aka kore ta zuwa Abuja. Watanni biyu bayan haka, a wasa da Dakkada, shugaban ƙungiyar na lokacin da kansa ya ɗaga hannu ya kai wa mataimakin alƙalin wasa duka, kyamara tana ɗauka. Da kaka ta ƙare, Pillars ta nutse tare da Katsina United da Heartland da MFM. A tebur lamba ce kawai za ka gani a gaban sunanta. Ba layin da zai nuna maka cewa ƙungiyar ta rasa gidanta ne, da ta same shi kuma ta yi wasa da shi.

Yanzu mu koma baya, wurin da Malam ya ce ba amfanin waiwaye. An kafa Pillars a 1990, shekarar da aka fara gasar ƙwararru a Najeriya, ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku na Kano: WRECA, da Kano Golden Stars, da Bank of the North. Mutane irin su Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, su suka tsaya aka yi haɗin. Kano ba baƙuwar kofi ba ce ko a lokacin, don Raccah Rovers ta lashe gasar ƙasa tun 1978, amma ta zo ta shuɗe. Ita Pillars sai da ta shekara 18 tana jira kafin koci Kadiri Ikhana ya kawo mata kofin farko a 2008. Sannan ta jera uku, 2012 da 2013 a hannun Mohammed Baba Ganaru, 2014 a hannun Okey Emordi. A tsakani aka yi shekarar da har yau ba wanda ya manta da ita, 2009, lokacin da ta fitar da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin zakarun Afirka, bayan kunnen doki 1-1 a Najeriya da 2-2 a Alƙahira. Ta zo ta ɗaya a rukunin da ya haɗa da Al Hilal da Al Merreikh na Sudan da Zesco ta Zambiya, sai a wasan kusa da na ƙarshe 'yar gida Heartland ta tare ta da ci 5-0 a karawa biyu. A kakar da ta biyo baya wani yaro daga Jos mai suna Ahmed Musa ya ci mata ƙwallo 18 ya zama gwarzon masu zura ƙwallo, daga nan ya wuce Turai. Kafin shi an yi Ahmed Garba Yaro-Yaro da Sani Kaita, bayansa an yi Shehu Abdullahi, ga kuma Rabi'u Ali Pele da Gambo Mohammed da suka ba ta mafi kyawun shekarunsu.

Wannan shi ne ɓangaren da magoya baya ke son ji, kuma shi ne Malam ya gaji da ji. Akwai wani ɓangaren da daga shi har su ba sa tsayawa a kansa. Daga 2003 har zuwa Agustan 2015, ranar da Nasarawa United ta zo ta ci 2-1, ba ƙungiyar da ta doke Pillars a wasan gida a gasar ƙasa. Shekara 12, wasa sama da 200.

Duk wanda ya taɓa zuwa filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ranar wasa ya san daga ina ƙarfin nan yake fitowa. Tun bayan azahar titi ya cushe, 'yan adaidaita sahu suna sauke mutane tun daga nesa don ba hanyar ƙarasawa. Masu rake da masu ruwan leda sun jeru a bakin katanga, yara sun sha riguna ruwan ɗorawa da kore, wasu sun shafa fenti a fuska. La'asar na yi a tayar da sahu a gefe, a sallame a ruga layin shiga. Filin da aka gina don mutum 16,000 sai ya cika ya batse tun kafin 'yan wasa su fito ɗumama jiki, ganguna na tashi, ana amsa "Sai Masu Gida" daga wannan ɓangare zuwa wancan. A gasar da ake buga wasanni da yawa kujeru wayam, wannan dukiya ce da kuɗi ba sa saye. Ɗan wasan da ya fito ya ga haka, ko ya gaji sai ya ƙara gudu.

Amma gaskiya ɗaya ce, ba ƙwarewa da soyayya kaɗai suka gina shekara 12 ɗin nan ba. A wancan zamanin cin wasa a waje a gasar Najeriya abu ne mai wuyar gaske ga kowa. Akwai lokacin da ƙungiyar da ke karɓar baƙi ita ke biyan alƙalan wasa haƙƙinsu, kuma kowa ya san wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Baƙi kuma sukan iso ne bayan sun kwana a mota. Pillars kanta ta ɗanɗana wahalar hanyar nan a Maris 2015, lokacin da 'yan fashi suka buɗe wa motarta wuta tana kan hanyar zuwa Owerri, 'yan wasa biyar suka jikkata. Lamarin ya kai har mahukuntan gasa suka riƙa ba da ladan kuɗi ga duk ƙungiyar da ta iya cin wasa a gidan wata. A irin wannan gasa, wanda ya riƙe gidansa ya kuma tsinto 'yan maki kaɗan a waje shi ke ɗaukar kofi. Pillars ta fi kowa iya wannan, kuma ta cancanci kofunanta. Sai dai tsarin ya koya mata dogaro da ƙafa ɗaya.

Mai son ganin hujja ya bi sawun ƙungiyar a gasar zakarun Afirka bayan 2009. A 2013 ta lallasa AC Leopards ta Kwango 4-1 a gida, ta je can aka ci ta 3-0, ta fita. A 2014 AS Vita ta ci ta 3-1 a Kinshasa, ta rama da 2-1 a gida, ta fita. A 2015 Moghreb Tetouan ta Maroko ta zuba mata 4-0, ta dawo gida ta ci 2-1, ta fita. A 2019 ta doke Asante Kotoko 3-2 a Kano, ta je Kumasi aka ci ta 2-0, ta fita. Karo huɗu, labari ɗaya: ta ci duk wasannin gida, ta zube a duk na waje. Uku daga cikin shekarun nan kuwa ita ce zakarar Najeriya, tana zaune a saman teburin da Malam ya ce ba ya ƙarya. Ashe tun tana sama ciwon yana jikinta, teburin ne bai nuna ba. Ko wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a Asaba a Oktoban 2018 haka ya kasance. Tana gaba da ci 3-0, kofi ya kusa shiga hannu, Enugu Rangers ta farke duka ukun a ƙarshen wasa ta kuma ɗauke kofin a bugun fenareti. Sai a shekara mai zuwa, a Kaduna, koci Ibrahim Musa ya share wa Kanawa hawaye da aka doke Niger Tornadoes 4-3 a fenareti.

Ga kuma abin da ya fi damuna. Yaron da aka fara kai shi kallo yana ɗan shekara 8 a 2003, sai da ya kai 20 kafin ya ga an ci ƙungiyarsa a gabansa a wasan gasar ƙasa. An yi renon tsara guda cur da ba ta san rashin nasara a gida ba, ta tashi tana ganin maki 3 na wasan Kano haƙƙinta ne, duk wanda ya hana ta kuwa ɓarawo ne, ko alƙalin wasa ko baƙo. A lura da kyau: ranar Katsina United ba a ci Pillars ba, babu ci ne. Ranar Shooting Stars ma ba a ci ta ba, 1-1 aka tashi. Canjaras kawai ya isa a fasa mota a kuma bi alƙali da gudu. Tsiraru ne ke yin haka, dubbai suna zaune suna takaici, amma tsirarun nan sun jawo wa ƙungiyar asarar makin da ba wata abokiyar karawa da ta taɓa ƙwace mata a rana ɗaya, don bayan makin da aka cire akwai na duk wasannin da aka tilasta mata bugawa a garin wasu da sunan gida. Wanda bai san shekara 12 ɗin can ba zai ɗauka taurin kai ne kawai na 'yan daba. Wanda ya san su zai gane tarbiyya ce aka yi, kuma tarbiyya ana iya sake ta.

Sai maganar cewa ƙungiyar da ta daɗe ba kofi ta daina zama babba. Enugu Rangers ta lashe gasa a 1984, ba ta sake ba sai 2016. Shekara 32. Da an bi shawarar Malam a shekara ta goma ko ta ashirin, da ba a ga kofin 2016 ba, balle na 2024. Akwa United kuwa ta zama zakara a 2021, ta faɗi a 2025. Wace ce babba tsakaninsu a ranar da Akwa ke sama? A Ajantina, River Plate ta faɗi a 2011, magoya bayanta suka yi ɓarna a filinsu, ta dawo bayan shekara guda, ta ɗauki kofin zakarun Kudancin Amurka a 2015 da 2018. Pillars ma kaka ɗaya ta yi a ƙasa ta dawo a 2023. Abin da ke dawo da irin waɗannan ƙungiyoyi shi ne jama'ar da ba ta watse ba, kuma tarihi ne ya tara jama'ar.

A kan batun gwamnati, Malam yana da rabin gaskiya, kuma ba zan hana shi ita ba. Ƙungiyar da gwamnati ke riƙe da ita takan zama wurin sakayyar siyasa. Gwamnati ta sauya, shugabanni su sauya, koci ya sauya, a watsar da 'yan wasa a ɗebo wasu, ba wanda ke shirin shekara biyar don bai san ko zai kai baɗi ba. Remo Stars ta Ikenne, mallakar ɗan kasuwa Kunle Soname, ta nuna abin da haƙuri da tsari ke haifarwa: ta gina filinta, ta kafa makarantar renon yara, ta lashe gasa a 2025. Amma kafin a ce a sayar, a tambayi ina Leventis United, zakarar 1986? Ina Abiola Babes da ta ɗauki kofin ƙalubale a 1985 da 1987? Ina Stationery Stores ta Legas, zakarar 1992, mai magoya bayan da ake tsoro a duk faɗin ƙasar nan? Duk na 'yan kasuwa ne, kuma da tallafin masu su ya yanke, suka durƙushe. Kano ta riga ta rasa Raccah Rovers. Miƙa Pillars ga mutum ɗaya, a gasar da kuɗin talabijin da na tikiti ba sa riƙe ƙungiya, caca ce da abin da ba na gwamna ba ne shi kaɗai. Barin ta ta mutu kuwa, ban ga yadda za a kira shi gyara ba. Birni mai miliyoyin matasa, wanda gidajen kallon ƙwallonsa ke cika don Arsenal da Barcelona, yana da abu guda nasa na kansa da ke fitar da yaro daga unguwa ya kai shi har tawagar ƙasa. Ba a rufe irin wannan ƙofa don an fusata.

Akwai hanya tsakanin riƙon gwamnati da gwanjo. Gwamnati ta riƙe fili da wani kaso, ta buɗe sauran ga 'yan kasuwar Kantin Kwari da Singa da Dawanau da Sabon Gari, da kuma magoya baya masu katin zama mamba da suke biya duk shekara, su kuma zaɓi wakilansu a hukumar gudanarwa. A ba hukumar wa'adin da sauyin gwamnati ba zai taɓa shi ba. Mai kati yana da suna da lamba, in ya tsallaka shinge an san shi, a hana shi shiga shi kaɗai maimakon a hukunta mutum 16,000 saboda shi. Wanda kuma ya sa kuɗinsa a ƙungiya ba zai zuba ido wani ya jawo mata tarar miliyoyi ba, shi zai fara riƙe masa riga. Shugabannin ƙungiyar magoya baya su ma su daina kare nasu idan ya yi laifi, su riƙa miƙa shi da hannunsu.

A Yulin 2025 gwamnatin Kano ta naɗa Ahmed Musa babban manajan ƙungiyar. Ya buga a Holan da Rasha da Ingila da Saudiyya, ya ga yadda ake cin babbar ƙungiya a gidanta jama'a su tashi su tafi gida lafiya. Idan Malam yana son ya auna shi da waɗanda ke tare da shi, ina roƙonsa kada ya tsaya a layin maki. Ya raba teburin gida biyu, ya ƙirga maki nawa aka samo a Aba da Enugu da Fatakwal da Ikenne. Sannan ya ƙirga wasa nawa aka tashi a Kano ba a yi nasara ba, alƙalin wasa ya fita da ƙafarsa, motar baƙi kuma ta kama hanya da gilasanta cikakku.